Inci Ɗaya a Taswirar Hajiya Abiba

Kuskuren da na yi shi ne na buɗe baki a shagon Hajiya Abiba na ce zan yi tafiya. Duk wanda ya shekara biyu a Harlem ya san ba a faɗin wannan magana a titi na 116 sai bayan an dawo. Kana cewa za ka Kano, kafin magariba an cika maka ɗaki da saƙo: maganin gwiwa na tsohuwar wane, takalmin ɗan wance, wayar da za ka miƙa Zariya tunda wai ai hanya ce. Ni na ɗauka na tsira, don ba gida za ni ba. Kamfanin da nake yi wa gyaran injinan hoton ƙashi ne zai tura ni wani asibiti a Nome, can Alaska, na kwana huɗu. Wa ke da ɗan'uwa a Alaska?

Ina rufe baki na ji keken ɗinkin Hajiya ya tsaya. A lokacin na tuna da Nimatu.

Hajiya Abiba 'yar zangon Kumasi ce, tela, ta haura shekara talatin a garin nan. Lokacin da na sauka New York ban san kowa ba, a falonta na kwana wata bakwai, tuwonta na ci har na samu aiki. Tana ce min ɗanta, kuma tana yi min faɗa daidai da haka. Nimatu ita ce 'yarta tilo, ma'aikaciyar jinya. Bara ta samu aiki a wani gari da ke can ƙarshen Alaska, inda ƙasa ta ƙare sai teku mai ƙanƙara. Tsofaffin taswira suna ce masa Barrow, mutanen wurin suna ce masa Utqiagvik, sunan da Hajiya ta ce ba za ta karya harshenta a kansa ba. Nimatu ba ta yi shawara da kowa ba. Sai da ta sa hannu a takarda sannan ta zo ta faɗa wa uwarta. Hajiya ta ce, "In ka tafi, kar ka kira ni." Haka mutanen zango suke magana, mace ma "ka" suke ce mata. Nimatu kuwa da ta gaji taurin kai har da ƙari, ta ɗauki jakarta ta tafi, kuma ba ta kira ba.

Wata goma sha huɗu ke nan. Hajiya ta rantse a gaban kowa ba za ta fara kiran 'yar da ta haifa ba. Amma mu da muke shiga shagon mun ga yadda ta rame. Mun ga yadda take juya wayarta ta kalli sama duk lokacin da za ta zauna a keke.

Ranar ba ta ɗauko zancen ba. Ta ce Allah ya kiyaye hanya, ta ci gaba da ɗinkinta. Ni ma na yi kamar ban gane ba, amma washegari a wurin aiki na duba nisan garuruwan biyu a waya, don na san abin da ke tafe.

Ranar Asabar bayan azahar ta aiko in zo. Ina tura ƙofa na ga jakar a tsakiyar shago, irin mai layi-layin nan da mu 'yan Najeriya muke kira da wani suna da ba na faɗa a gaban Hajiya. An ɗinke bakinta da zare mai kauri, an naɗe ta da salatif kamar mai karaya. Malam Ishiyaku, mutumin Maraɗi da yake yi mata aikin wuya a keken baya, ya ɗago ya dube ni da tausayi ya mayar da kai.

"Ɗana, zauna," in ji Hajiya. "Ka ci abinci?"

Na ce na ci. Ta zuba min wake da shinkafa duk da haka. Sai da na kai loma ta uku, lokacin da ta san gudu ya yi min wuya, sannan ta nuna jakar da haɓa.

"Ɗan saƙo ne kawai. Ba nauyi koraa. In ka sauka ka miƙa wa Nimatu."

Na ɗaga ɗan saƙon da hannu ɗaya, bai motsa ba. Na tambayi abin da ke ciki. Ta ce ba komai, shito ne, soyayyen yajin nan na Ghana, kwalba uku, da garin rogo, da kilishi, da daddawa, da busasshiyar kuɓewa, da man kaɗanya, da wata riga da ta ɗinka ta yi mata shafi da bargo. Rigar ta faɗa a ƙarshe, da sauri, tana kallon wani waje.

"Hajiya," na ce, "ni Nome za ni. Nimatu tana Barrow."

"Ba duk Alaska ba ne?"

"Duk Alaska ne, amma..."

"To shi ke nan."

Na ajiye cokali. Na yi mata bayani a hankali, yadda nake yi wa likitoci in sun lalata inji suna cewa da kansa ya mutu. Na ce tsakanin filin jirgin Nome da na Barrow ya fi mil ɗari biyar, a miƙe, yadda tsuntsu zai bi. Na ce kamar Kano zuwa Legas ne.

Hajiya ta yi dariya har ta dafa keke. "Ei, Ɗalha! Kano da Legas a cikin wannan ɗan wuri? Ishiyaku, ɗauko min kalanda."

A bangon shagon akwai wata kalanda da masu aika kaya Tema ta Ghana a jirgin ruwa suka raba shekaru shida da suka wuce. Kwanakinta sun ƙare tuni, amma Hajiya ta bar ta saboda taswirar Amurka da ke jiki. Malam Ishiyaku ya sauko da ita ya shimfiɗa a teburin yanka. Wanda ya taɓa ganin irin taswirar nan ya san yadda suke yi wa Alaska. Ba ta samun wuri a sama, sai su ƙanƙance ta su jefa ta cikin wani ɗan akwati a ƙasa, gefen hagu, kusa da Hawaii.

Hajiya ta zaro tef daga wuyanta. Ta ɗora bakinsa a kan Nome, ta ja zuwa Barrow, ta danne da farce.

"Inci ɗaya," ta ce. "Ishiyaku, zo ka gani, kar a ce na yi ƙarya."

Malam Ishiyaku ya gyara tabarau. "Bon. Inci guda ne, Hajiya. Bai ma cika ba."

Ta ɗauke tef ɗin ta kai shi gefen dama, ta auna daga New York zuwa Washington. "Wannan fa?"

"Shi ma inci guda."

"Washington da na je bikin ɗan Abdulai. Awa huɗu a bas, har da tsayawa shan shayi. Ɗana, awa huɗu ne ba za ka iya yi min ba? Ka tafi da safe, ka ci abincin rana a wurin ƙanwarka, ka dawo kafin isha'i."

Na rantse da Allah ban taɓa jin hujjar da ta ɗaure ni irin wannan ba. Ina da digiri biyu, amma na tsaya ina kallon tef kamar wanda aka kama da kayan sata. Na ce mata akwatin nan ba a ma'auni ɗaya yake da sauran taswirar ba, an rage shi ne don ya samu wuri. Na ce in da za a zana Alaska da girmanta na gaskiya, da ta cinye rabin kalandar.

"Wa ya rage shi?"

"Masu zanen."

"Don me za su rage ƙasar mutane? Ni shekara arba'in ina yanka yadi. In hannun riga inci ashirin ne a dama, inci ashirin ne a hagu. Tef ba ya canjawa don an matsa gefe."

Malam Ishiyaku ya gyaɗa kai. Shi mutum ne mai son zaman lafiya, kuma Hajiya ce ke da shagon.

Na ce to a bar zancen nisa. Ko kusa ne ko nesa, babu hanyar mota tsakanin garuruwan. Babu bas, babu tasi, babu titi ko na ƙasa. Daga Nome sai ka hau jirgi ka koma kudu, Anchorage, mil ɗari biyar da wani abu, sannan ka jira wani jirgin ya ɗauke ka ya koma da kai arewa, mil ɗari bakwai da wani abu. In ka haɗa, ka yi sama da mil dubu da ɗari biyu don ka je inda yake mil ɗari biyar. Dawowa ma haka. Ni kuma kwana huɗu aka ba ni, injina uku suna jira na.

"Ka koma baya don ka je gaba?" Hajiya ta tafa hannu. "Wane irin direba ne wannan?"

"Ba direba ba ne, Hajiya. Haka jiragen suke tafiya."

Nan Malam Ishiyaku ya ga damar taimako. Ya ce, "Bon, ni ga shawarata. Mu can gida, in kana da saƙo na Agadas, ba sai ka tahi da kanka ba. Ka je tasha, ka ba direba, ka ɗauki lambar mota da lambar wayarshi, ka kira mai kaya ka ce ga mota nan tahe. Voilà. Kai ma in ka sauka ka nemi direban jirgin da za shi garin ɗiyar Hajiya. Ka yi mishi gaisuwa mai kyau, ka ba shi ɗan kilishi nashi daban. Ai ɗan Adam ne."

Na yi ƙoƙarin hango kaina a filin jirgin Nome, cikin ƙanƙara, ina ƙwanƙwasa tagar matuƙi da jaka mai warin daddawa, ina neman lambar wayarsa. Na ce Malam Ishiyaku, in na yi haka, sai dai ku zo ku yi belina.

Sai wata dabara ta zo min, na ɗauka ta mai hankali ce. Na ce Hajiya ta bar min jakar, ranar Litinin in kai gidan waya in aika. Cikin mako guda tana hannun Nimatu, ba wanda ya wahala.

Dariyar ta ɗauke daga fuskarta. Ta naɗe tef ɗin a yatsa a hankali.

"Gidan waya yana nan bayan layi," ta ce. "Wata goma sha huɗu yana nan. Ka ɗauka ban san hanyarsa ba?"

Kunya ta kama ni, don na san abin da take nufi tun kafin ta faɗa. A wurinmu babba ba ya cewa yaro ya yi haƙuri. Abin da yake yi shi ne ya nemi mutumin da dukansu suke jin nauyinsa, ya ba shi saƙo ya kai hannu da hannu. Mai saƙon ya zauna, ya sha ruwa, ya ce mutanen gida suna gaisuwa. Shi kuma yaro dole ya ɗauki waya ya ce saƙo ya iso, an gode. Shi ke nan, yaro ne ya kira, ba wanda ya faɗi ƙasa, magana ta wuce. Kwalin gidan waya ba ya zama ya sha ruwa, kuma ana iya amsa shi da rubutu kalma biyu. Hajiya ta jira wata goma sha huɗu kafin Allah ya kawo mata wanda za shi Alaska, kuma ta san ba za a sake samun wani ba.

"Ina so ka ga fuskarsa," ta ce, tana nufin Nimatu. "Ka dawo ka gaya min ko ya rame."

Da zan iya, wallahi da na je. Na zauna na sake lissafa kwanakin a kaina, na juya su ta kowace fuska, ba su isa ba. Na fito da waya na nuna mata layin da aka ja tsakanin filayen jirgin biyu, da lambar mil a rubuce ƙarara.

Ta ture wayar da bayan hannu. "Wannan abin? Ba shi ne ya kai ka Bronx ba ranar sunan 'yar Sheriff, muna Brooklyn muna jiranka da nama? Kalandar nan mutanen da suke kai kwantena har Tema ne suka buga ta. Sun san duniya paa. Kai dai ka ce ba ka son ɗaukar min kaya. Yaran yanzu haka kuke. Wanda ya kwana a falona wata bakwai..."

To, ni ma ina da zuciya. In aka taɓo min zancen falon nan, kaina yakan ɗau zafi. Na miƙe tsaye.

"Hajiya, kin ƙi yarda da ni, kin ƙi yarda da waya, kin yarda da kalandar da ta mutu shekara shida. To akwai mutum ɗaya da yake zaune a garin, yake hawa jirgin. In ni maƙaryaci ne, ki tambaye ta!"

Ba da dabara na faɗa ba. Daga baya Malam Ishiyaku ya yi ta yaɗawa a masallaci wai hikima ce na yi, ni kuma ban ƙaryata shi ba. Amma gaskiyar ita ce haushi ne kawai.

Ita kuma Hajiya akwai abu ɗaya da ta fi ƙi a duniya, shi ne a kayar da ita a gardama a cikin shagonta. "Zan tambaya kuwa!" ta ce. "Yanzun nan za ka ji kunya." Ta fizgi wayarta, ta danna, ta buɗe murya don kowa ya ji, ta ajiye ta a kan kalandar. Ba ta ko nemi lambar ba, tana can saman jerin.

Sai da wayar ta fara ƙara sannan ta gane abin da ta yi. Na ga hannunta ya tashi zai kashe. Bai kai ba. Ƙara ɗaya ta yi aka ɗauka.

"Mma?" Muryar Nimatu ta fito tana rawa. "Mma, what happened? Wa ya mutu?"

Malam Ishiyaku ya cire ƙafarsa daga kan keke. Abin ya soke ni, don na gane yarinyar nan ta riga ta saka a ranta cewa in dai lambar uwarta ta fito a wayarta, to mutuwa aka yi.

Hajiya ta gyara ɗankwali kamar ana ganinta. "Ba wanda ya mutu. Tambaya ce kawai. Daga garinku zuwa Nome, awa nawa ne a bas?"

Nimatu ta ce, "A bas?"

"Ɗalha ne yake min gardama."

"Mma, babu bas. There's no road. Babu titi koraa."

"Ko lore, motar kaya?"

"Ko keke, Mma. Sai jirgi, kuma sai ka koma Anchorage tukuna. Ya fi mil ɗari biyar."

"Saa? Haka ne?" in ji Hajiya, murya ƙasa-ƙasa. Ta kalli kalandar kamar ta ci amanarta. Ni da na ci gardama ban ji daɗin komai ba. Tambayar ta ƙare, an ba da amsa, kuma babu abin da ya rage a faɗa sai abin da dukansu suka rantse ba za su fara faɗa ba. Muna jin numfashin Nimatu daga can, da ƙarar wani abu kamar tukunyar shayi tana tafasa.

"Yaya Ɗalha zai zo Nome ne?" ta tambaya.

Na ce eh, ranar Talata.

"Mma, saƙo za ki ba shi?"

"Wane saƙo? 'Yan tarkace ne da suka cika min shago."

"Akwai shito?"

"Kwalba uku," Malam Ishiyaku ya faɗa daga baya, kafin Hajiya ta harare shi.

Nimatu ta yi wata 'yar dariya da ta karye a tsakiya. Ta ce rabonsu da ganin rana a garin sati uku ke nan, kuma shitonta ya ƙare tun watan azumi. Hajiya ta ce ai ita ta zaɓi garin da ko rana ta ƙi shi. Ta faɗa da faɗa-faɗa, amma ta jawo kujera ta zauna kusa da wayar, ta ɗora gwiwar hannu a kan tebur.

"Kar ki ba shi, Mma," in ji Nimatu. "Ba zai iya kawowa ba. Ki ajiye." Ta ɗan tsaya. "Ina da hutu a Janairu. Sati uku. Na sayi ticket tun October, I just... ban sani ba ko in na zo za ki buɗe min ƙofa."

Hajiya ta kama bakin mayafinta ta goge hanci da ƙarfi, ta ce sanyin garin nan ya sa mata mura. Ni na juya ina karanta wa kaina farashin zare a jikin kanta, don idona ya cika kuma ba na so Malam Ishiyaku ya kai labarin masallaci.

"Ina makullinka?" Hajiya ta ce a ƙarshe.

"Yana jakata."

"To wa kake so ya buɗe maka? Ban canja kwaɗo ba."